Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin da Ke Riƙe da Kundin Yaren C

Zuwa ga shugaba da membobin kwamitin WG14 na ISO, ƙungiyar tsara ma'auni ta duniya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da iyalanku. Na san da wuya wannan takarda ta hau teburinku, in ma ta hau sai an nemo wanda zai fassara muku. Da gangan na rubuta ta da Hausa. Rabin dalilin shi ne ɗalibaina da abokan sana'ata su ji abin da nake faɗa muku. Sauran rabin zai fito a gaba, in mun zo kan haruffa masu ƙugiya.

Ni malami ne, ina koyar da yaren C, ɗaya daga cikin yarukan rubuta manhajar kwamfuta, a wata kwalejin fasaha a arewacin Najeriya. A gefe kuma ina rubuta manhajar ƙananan na'urori, irin masu lura da cajin batirin sola da masu kunna famfon rijiyar burtsatse su kashe shi. Ba ku san ni ba, amma ni na san ku, irin sanin da manomi ya yi wa masu yanka farashin taki alhali bai taɓa ganin fuskarsu ba. Kukan zauna, ku ɗaga hannu a kan wata takarda mai lamba, bayan shekara biyar ko goma abin da kuka yanke ya faɗo cikin ajina.

Bari in fara da yabo, domin kun cancanta. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs wajajen 1972 saboda aikin Unix. Shekaru da dama babu wani kundi sai littafin da shi da Brian Kernighan suka fitar a 1978. In gardama ta tashi, littafin ake buɗewa. In littafin ya yi shiru, kowane kwamfaila ya yi abin da ya ga dama. Kwamfaila, ga mai karatun da ba ɗan sana'a ba, shi ne tafintan da ke juya abin da muka rubuta zuwa yaren da inji ke ji. A 1983 hukumar ANSI ta Amurka ta kafa kwamitin X3J11, ya shafe shekara shida kafin ya fitar da kundin farko na dokokin yaren a 1989, wanda ake kira C89, ISO ta karɓe shi a 1990. Daga nan sai ƙarin 1995, sai C99, sai C11, sai C17 da ya fito a 2018 ba tare da sabon abu ba sai gyaran kurakurai, sai C23 wanda bai fito ba sai watan Oktoba na 2024. Wani zai kira wannan tafiyar hawainiya. Ni kuwa ina da rubutun da na yi tun ina ɗalibi, kuma mafi yawansa har gobe yana aiki. Ba kowane yare ne zai yi wa mutanensa wannan alheri ba.

Magabatanku sun bar muku wasiyya a rubuce, kuma ina koya wa ɗalibai ita kamar karatun allo. Sun ce rubutun da mutane suka riga suka yi shi ne abin kiyayewa, ba kwamfailolin da ake da su ba. Sun ce a guji sauyin da zai canza ma'anar tsohon rubutu shiru ba tare da an ji ƙara ba. Sun ce a rubuta abin da mutane suka riga suka saba yi, kada kwamiti ya zauna ya ƙago nasa. Sun ce a yarda da mai rubutu, kuma a bar yaren ƙarami.

Inda na fi ganin haƙurinku shi ne labarin bool. A 1999 kun so ku ba C nau'in da ke riƙe da gaskiya ko ƙarya kawai, amma kun san dubban mutane sun riga sun ƙirƙiri nasu sun sa masa wannan suna. Maimakon ku ƙwace sunan, sai kuka zo da _Bool, mummunan suna da ba wanda zai yi takara da shi, kuka ce mai son kyakkyawan sunan ya ɗauko stdbool.h. Sai da aka shekara 25 kafin bool da true da false su zama kalmomin yaren kansa. Haka tsohon salon rubuta fankshin, wato guntun manhaja mai suna da ake kira ya yi wani aiki, na zamanin Kernighan da Ritchie: tun 1989 kuka ce ya tsufa, a fara barinsa, amma ba ku kore shi ba sai a C23. Shekara 35 kuna ba da sanarwa. Da bugu na 15 na kwamfailan GCC ya fito a 2025 ya mayar da C23 zaɓinsa na farko, tsofaffin manhajoji da yawa sun ƙi haɗuwa, har da biyu daga cikin nawa, ɗaya saboda na yi wa kaina bool, ɗaya saboda na bar baka biyu ba komai a ciki ina nufin a zuba ko me. Ban yi fushi ba. Kwamfaila ya tsaya, ya nuna mini layin, na gyara kafin la'asar. Sauyin da ya yi ihu ba ya ba ni tsoro.

Kuma na san ba don kasala kuke yin haka ba, kun ga abin da ya sami maƙwabta, wato sauran yarukan manhaja. Python 3 ya fito a 2008 bai jitu da na biyu ba, mutane suka rabu gida biyu har farkon 2020. Masu JavaScript sun tara buri a bugu na huɗu na kundinsu, suka kasa daidaitawa, suka yasar da shi a 2008. Kundin da ya kamata ya gaji Fortran 77 ya sha jayayya har bai fito ba sai 1991. Na COBOL kuwa, a farkon shekarun 1980 har barazanar kai kwamiti kotu aka yi saboda tsadar sake rubuta tsofaffin manhajoji, kundin bai samu fitowa ba sai 1985. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, dole ya shafa wa nasa ruwa.

To, ranku ya daɗe, ga inda muka saɓa. Haƙurin da kuke yi da tsohon suna shi kuke yi da tsohon tarko, alhali ba ɗaya ba ne. Tsohon suna ba ya cizo.

Ku tuna da gets. Fankshin ne da ke karɓar rubutu ya zuba a ma'aji, wato gurbin ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba tare da ya tambayi girman ma'ajin ba, kamar mai ɗura ruwa a tulu idonsa a rufe. Babu wata hanya ta amfani da shi lafiya, ko gwani ne. A watan Nuwamba na 1988 tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta wannan kafa, tare da wasu, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet ɗin wancan lokaci. Shekara guda bayan haka aka sa shi a kundin farko. Ya tsallake 1999 yana zaune daram. Ba a cire shi ba sai 2011, wato shekara 23 bayan duniya ta ga ɓarnarsa. Har yau ina tsintar sa a tsofaffin takardun darasi da ɗalibai ke gada daga yayyensu, kuma in na ce kada su taɓa shi sai wani ya ce ai a littafi ya gani. Yana da gaskiya. Abin da kundi ya halatta shekara ashirin, littattafai za su ci gaba da koyar da shi shekara arba'in.

Da kuka tashi kawo magani a 2011, sai kuka kawo Rataye K, jerin fankshin masu duba iyaka da suka samo asali daga Microsoft, kuka ce wanda ya so ya ɗauka, wanda bai so ba ya bari. Masu glibc, taskar da mafi yawan Linux ke tsaye a kanta, ba su ɗauka ba. A 2015 aka kawo muku takarda a kan yadda abin ya kasance a fagen aiki, tana ba da shawarar a janye shi. Yana nan har yanzu. A gefe guda kuma ga strlcpy, fankshin mai kwafar rubutu yana duba iyaka, wanda mutanen OpenBSD suka fito da shi tun 1998, aka yi ta kwafarsa daga manhaja zuwa manhaja, glibc ya karɓe shi a 2023, kundin POSIX ya karɓe shi a 2024. Yana da nasa aibin, ban musa ba. Amma in wasiyyar ita ce a rubuta abin da mutane suka saba yi, wanne ne a cikin biyun mutane suka saba da shi?

Babbar maganata tana kan abin da kundinku ke kira halin da ba a fayyace ba, wato wuraren da kuka ce in mai rubutu ya taka su, kwamfaila ba ya ɗauke da alhakin komai. A ratayen ƙarshen kundi kun jera su, sun kai wajen 200. Asalin manufar mai kyau ce: injuna sun bambanta, sai aka bar wa kowanne ya yi abin da ya fi masa sauƙi. Amma masu ƙera kwamfaila na zamani sun yi wa abin wata fassara. Suka ce tunda kundi ya ce wannan ba ya halatta, to mu ɗauka ba zai taɓa faruwa ba, mu share duk layin da ke jiran faruwarsa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa haɗa wa wani ƙauye na'urar da ke kunna famfon burtsatse da safe ta kashe shi in lokaci ya cika. Tana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, a ma'aji mai bit 32 mai alamar ƙari ko ragi. Irin wannan ma'aji yana cika ne a 2,147,483,647, wato kusan kwana 25 ana ƙirga. Na san da haka, don haka na sa layin da ke cewa in an ƙara ɗaya sai lambar ta zama ƙasa da yadda take, to ta kife, a koma sifili. Da tsohon kwamfaila abin ya yi aiki. Da na sabunta kwamfailan na kunna masa saurin aiki, sai ya duba layin ya ce lamba mai alama ba ta kifewa a shari'ar C, don haka wannan sharaɗi ba zai taɓa cika ba, ya share shi, bai ce mini uffan ba. A shagona ban gane ba, domin a garinmu ba na'urar da ke samun kwana 25 a jere ba a ɗauke wuta ba. Duk ɗaukewa tana mayar da ƙirgan sifili, ta rufa wa kuskuren asiri. A ƙauye kuwa sola ce da batir, ba ta mutuwa. Ana cikin mako na huɗu aka kira ni, tanki ya cika ya yi ta ambaliya, famfo ya ƙi tsayawa. Mai unguwa bai san WG14 ba. Ni ya sani.

Laifina ne, na karɓa, shari'ar tana rubuce. Amma ba ni kaɗai ba ne. A 2009 an sami ɓaraka a ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, inda kwamfaila ya share binciken da ke duba ko manuni, wato adireshin ma'aji, ba komai a cikinsa, saboda an riga an taɓa manunin kafin a bincika shi. Tun daga nan masu Linux suke haɗa ƙwayarsu da tuta, wato umarnin da ake ba kwamfaila, mai hana shi yin haka, ban da tutocin da ke kashe masa wasu zato a kan kifewar lamba da haɗuwar manunai. Ku dubi wannan da kyau. Mafi shaharar aikin da aka rubuta da C a duniya ba da C na kundinku ake haɗa shi ba, da wani ƙaninsa ne da aka cire wa haƙora. In gwanayen da suka fi kowa sanin yaren sun ga sai sun yi haka, ina ga ɗalibin da ke shekarar farko?

A C23 kun yi rabin tafiya. Kun yanke cewa duk lamba mai alama da tsari ɗaya za a ajiye ta, wanda kusan dukan injunan duniya suka daɗe a kansa. Amma kifewarta kun bar ta a matsayin halin da ba a fayyace ba. Kun kawo ckd_add da 'yan'uwansa masu yin lissafi su faɗa maka in ya kife, kuma na gode, da su nake koyarwa yanzu a inda kwamfaila ya san su. Kun kawo memset_explicit, don mai son goge lambar sirri daga ma'aji ya tabbata kwamfaila bai share gogewar ba da sunan ba ta da amfani. Sai dai a bugun nan kuka ɗauki realloc, fankshin mai sauya girman ma'aji, in an ba shi girman sifili, abin da taskoki suka saɓa a kansa, maimakon ku raba gardama ku zaɓi ɗaya, kuka jefa shi cikin jerin abubuwan da ba a fayyace ba. Rubutun da jiya yake da ma'ana, ko da ma'anar ta bambanta daga inji zuwa inji, yau ya zama haramtacce, kuma ba kwamfailan da zai tsaya ya yi ihu. Wannan shi ne ainihin sauyin shiru da magabatanku suka yi gargaɗi a kai. Na ga an fara kawo muku jerin takardu masu neman rage waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya a bugu mai zuwa. Wannan aiki ya fi duk wani ado da za ku ƙara. Abin da kwamfaila zai iya ganowa tun lokacin haɗawa, ku wajabta masa ya faɗa. Abin da injunan yau suka yi ittifaƙi a kai, ku rubuta shi yadda yake.

Kun fi ni sanin abin da ake faɗa a waje. Microsoft ta ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da take toshewa daga kurakuran ma'aji suke, masu Chrome suka faɗi kusan haka. Ɓarakar Heartbleed ta 2014 karanta ma'aji ce fiye da iyaka. A watan Fabrairu na 2024 fadar shugaban Amurka ta fitar da rahoto tana kira a koma yarukan da ke tsare ma'aji da kansu, kuma tun ƙarshen 2022 Rust, ɗaya daga cikin irin waɗannan yaruka, ya sa ƙafa a ƙwayar Linux. Ba na gaba da Rust. Amma ƙaramar ƙwaƙwalwar da nake saye a kasuwa don na'urar burtsatse, wani lokaci yare ɗaya kaɗai kamfaninta ya tanadar mata, shi ne C. Masu kuɗi za su iya ƙaura. Mu da muke gidan haya a C, gyaran rufin muke jira, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Game da ƙare-ƙaren da kuka yi, ba zan ce duk ado ba ne. #embed, wanda JeanHeyd Meneide ya shafe shekaru yana turawa, ya sauƙaƙa mini rayuwa ƙwarai. Ƙananan allunan da muke saye ba su zo da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai na zana su da kaina na cusa zanen cikin manhaja. Da can sai na juya fayil ɗin zuwa dubban lambobi a jere, kwamfaila ya yi ta nishi. Yanzu layi ɗaya ne. Rubuta lamba da 0b, da typeof da mutane suka shekara da shekaru suna amfani da shi a GCC, duk sun zo a kan gaɓa. Amma auto mai cankar nau'i da constexpr da baka huɗun nan na alamomi, daga gidan C++ aka aro su, kuma kowannensu sabon babi ne a ajina. Kundin 1989 yana da keɓaɓɓun kalmomi 32, mutum zai haddace su a zama ɗaya. Na yanzu ya haura shafi 700. 'Yan C++ sun zaɓi fitar da sabon kundi duk bayan shekara uku tun daga 2011, kuma yau da wuya ka sami mutum ɗaya da zai ce ya san yaren duka. Kada a je garin gyaran gira a rasa ido.

Akwai kuma ɗabi'ar nan ta cewa abu zaɓi ne. Jeri mai girman da ba a sani ba sai lokacin aiki, kun wajabta shi a 1999, kuka mayar da shi zaɓi a 2011. threads.h ya zo a 2011 a matsayin zaɓi, glibc bai kawo shi ba sai 2018. Ma'aunin da aka ce mai so ya bi, me ya raba shi da shawara? In mudun kasuwa ya zama ganin dama, kowa da nasa zai zo. Ku kuma tuna cewa tsakanin ranar da kuka sa hannu da ranar da abu ya iso hannunmu akwai tafiya mai nisa. Linux kansa bai bar C89 ya koma C11 ba sai 2022. Ni kuwa akwai kwamfailan wani kamfanin ƙananan ƙwaƙwale da nake aiki da shi wanda ko C99 bai gama haɗiyewa ba. Don haka a zango ɗaya nakan koyar da C iri uku: na kundi, na kwamfutocin ɗakin gwaji, da na na'urar da ɗalibi zai tarar a wurin aiki.

Yanzu ga maganar haruffa. Akwai wani tarihi naku da nake so, ko da yake ku kanku kun gaji da shi. A shekarun 1980 wasu ƙasashen Turai suna amfani da tsarin haruffa mai gurbi 128 kacal, sai suka cire wasu alamomi suka sa haruffansu. A Denmak, gurbin baka masu lanƙwasa da masu kusurwa æ da å da Æ da Å ne suka zauna. Mutumin Denmak ba shi da madannin da zai buɗe fankshin da shi. Saboda irinsu kundin 1989 ya zo da dabarar alamomi uku-uku, ??< a madadin buɗe baka, ??> a madadin rufewa, har guda tara. A 1995 kuka ƙara masu biyu-biyu, kuka kuma faɗaɗa ayyukan haruffa masu faɗi saboda yaruka irin Japananci. Dabarar ta zo da nata tarkon: in ka rubuta "Me ya faru??!" cikin saƙo, sai ƙarshen ya rikiɗe ya zama sanda tsaye. C++ ya cire ta a 2017, ku kuka cire a C23, kuma daidai kuka yi. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, an taɓa lanƙwasa yaren C gaba ɗaya saboda ƙasar da a lokacin mutanenta ba su kai miliyan shida ba. Ba don sun fi kowa hujja ba. Don suna cikin ɗakin ne.

Masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa, kuma ga halin da muke ciki. A gefen sunaye kun yi mana adalci: tun C99 haruffanmu suna cikin waɗanda aka yarda a sa a sunan ma'aji, GCC 10 ya bari a buga su kai tsaye a 2020, C23 kuma ya jingina dokar da ƙa'idar Unicode, tsarin da ya ba haruffan yarukan duniya lamba. Yau ɗalibina zai iya kiran ma'ajinsa ƙidaya ko kuɗi. A nan 'yan'uwanmu na Nijar sun yi mana fintinkau, domin ƴ ɗinsu harafi ne cikakke, mu kuwa da muke rubuta 'ya'ya da waƙafin sama ba mu da shiga, balle yanzu da kuka ba waƙafin aikin raba lambobi irin 1'000'000.

Amma suna ba shi ne matsalar ba, rubutun da manhaja ke sarrafawa ne. A UTF-8, tsarin da ake ajiye haruffan Unicode da shi, kowane harafi mai ƙugiya bayit biyu ne, wato gurbi biyu yake ci maimakon ɗaya. Ka tambayi strlen tsawon kalmar buɗaɗɗiya, mai haruffa 9, ya ce maka 12. Ka ba toupper harafin ƙ, ya dawo maka da shi yadda yake. Ka jera sunayen ɗalibai da strcmp, sai ka tarar da Ɗanladi a bayan Zubairu, ƙofa da ɓera da ɗaki duk sun koma bayan zomo. Ka ce wa printf ya daidaita shafi goma-goma, duk layin da ke da ƙugiya sai ya karkace. Ka yanke saƙo don ya shiga allo mai gurbi 16, in tsautsayi ya sa wuƙar ta faɗa tsakiyar ƙ, sai allon ya nuna shirme. Za ku ce a yi amfani da wchar_t da setlocale. Amma wchar_t bit 16 ne a Windows, 32 a Linux. Sunayen yankuna kuma kundi bai tsayar da su ba ban da "C" da wanda ba komai a ciki. Glibc yana da ha_NG, ƙaramar na'urata ba ta san da zamansa ba. Sakamakon shi ne mai rubuta manhaja ya gaji ya zubar da ƙugiyar. Ƙasa ta zama kasa, ɗaki ya zama daki, ƙarfi ya zama karfi, yara su tashi suna ganin haka a allon waya da rasit har su ɗauka haka ake rubutawa. Ban ɗora muku wannan duka ba. Amma C yana ƙarƙashin kusan komai, kuma abin da ya yi wuya a ƙasa ba ya sauƙi a sama.

Ba na roƙon ku cusa dukan Unicode cikin yaren, na san nauyinsa, kuma yanzu na gama ƙorafin girman kundi. Kun riga kun kawo char8_t da u8. Abin da ya rage 'yan fankshin ne kaɗan, na wajibi ba na zaɓi ba, waɗanda za su ƙirga haruffan UTF-8, su tabbatar da ingancinsa, su yanke shi a kan gaɓa, su juya shi zuwa wani tsari, ba tare da sun tambayi yankin da na'ura take ba. Kowane babban aiki ya riga ya rubuta nasa. Wannan shi ne rubuta abin da mutane suka saba yi.

Saura maganar kuɗi. Kundin C23 ana sayar da shi kimanin faran 200 na Siwizalan. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, kuma albashin wata uku a haɗe ba zai saye shi ba. Na san ba ku kuke yanka farashi ba, ku ma aikin sa kai kuke yi, wasunku da kuɗin aljihunsu suke zuwa taro. Na kuma san kuna barin daftari a buɗe, N1570 na C11 da N3220 na kusa da C23, da su muke rayuwa. Amma abin kunya ne malami ya ce wa ɗalibi ga dokar yaren, sai dai ba ita ce ta gaskiyar ba, ƙanwarta ce. Ecma tana ba da kundin JavaScript kyauta, na Ada ma kowa na iya karantawa. Ku kuna da bakin da ISO za ta saurara, mu ba mu da shi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma kayan namu ma suna buƙatar gyara. Ƙa'idar ISO ita ce ƙasashe ke jefa ƙuri'a ta hannun hukumominsu, kamar ANSI a Amurka da BSI a Ingila da DIN a Jamus. Najeriya ma memba ce ta hannun hukumar SON. Ƙofar tana nan. Ni da nake wannan dogon surutu ban taɓa rubuta takarda mai lamba na aiko muku ba, ban kuma taɓa zama da abokan aikina na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai mun tattara abin da ke damunmu wuri ɗaya ba. Mutanen Denmak ba wasiƙa suka rubuta da yarensu suka zauna jira ba. Abin da zan roƙa a wajenku shi ne ku riƙe halartar taro ta intanet da aka saba da ita tun 2020, kada ta zama abin da za a janye in an ga dama, domin kuɗin jirgi da biza sun isa su hana mutum kamata buɗe baki har abada.

Na sa ɗalibai uku na ajin ƙarshe su tattara duk wuraren da rubutun Hausa ke karyewa a taskar C, kowanne da gajeren misali da abin da ya fito a kwamfaila uku daban-daban. In sun gama zan juya shi zuwa Turanci, in nemi lamba, in aiko. Na'urar burtsatsen kuwa tuni na mayar da ƙirganta ma'aji marar alama, kuma yanzu kafin in kai kowace na'ura ƙauye sai na tura agogonta kusa da cika na zauna na ga abin da za ta yi.

A huta lafiya.

Naku,
Wani malamin yaren C daga arewacin Najeriya